Shirun Mai Sayar da Doki

A hannuna na hagu, daga gwiwar hannu zuwa kusa da wuyansa, akwai wani dogon tabo wanda dokin mahaifina ya bar mini. Ina ɗan shekara 15, wata rana da kaka, na hau shi zan kai wa masu yankan shinkafa abinci a gonarmu ta fadamar Gulbin Rima, sai wani maharbi da ke laɓe cikin ciyayi ya saki bindiga a kan tsuntsaye. Ban san lokacin da dokin ya miƙe tsaye a kan ƙafafunsa na baya ba. Na dai farfaɗo na gan ni kwance a kan kututture, hannuna a tsage, ƙwaryar fura ta tarwatse, shi kuwa ya yanki daji da gudu, ba a kamo shi ba sai bayan la'asar. Da aka kai ni gida mahaifina bai yi mamaki ba. Ya ce tun yana dukushi haka yake, ba ya jure ƙarar bindiga, shi ya sa duk kyansa bai taɓa kai shi hawan Sallah ba.

Kyau kuwa yana da shi. Akawal ne, baƙi wuluk, da ɗan fari a goshi, ingarma mai faɗin ƙirji da tsayayyun ƙafafu. Ba ya cizo, ba ya harbi, ƙaramin yaro ma yana iya sa masa ragama ya kai shi shan ruwa. In ana ƙilisa da yamma a bayan garinmu Gwadangaji, wanda yanzu ya haɗe da Birnin Kebbi har baƙo ba ya gane iyakarsu, mutane sukan dakata su bi shi da kallo. Mutum zai iya wata guda yana hawansa safe da yamma bai ga abin kushewa ba, muddin ba a harba bindiga kusa da shi ba.

Shekara biyu bayan faɗuwata Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa. Ya bar mu mu biyar da Inna, da bashin taki, da injin ban ruwa wanda ya riga ya mutu, ga noman rani ya ƙarato. Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, shi ya zama mai kula da dukiyarmu, kuma kowa ya yarda cewa dokin ne ya kamata a fara sayarwa, domin shi kaɗai ne cikin gadon yake cin abinci kullum ba ya kawo komai. Cinikin doki na kirki ba kasafai ake yin sa a tsakiyar kasuwa ba. Dillali ne yake ɗaukar labari daga wannan barga zuwa waccan. Ba a yi mako biyu ba dillalin ya zo mana da wani Alhaji daga Argungu, dattijo mai fara'a, wanda daga yadda ya tunkari dokin ta gefen kafaɗa aka san ba baƙon dawaki ba ne.

Ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, domin a nan shekarun doki suke a rubuce: haƙoran nono na gaba sukan fara zubewa yana da shekara biyu da rabi, zuwa shekara biyar duk sun sauya, daga nan kuma sai a dubi yadda suka cinye. Ya ɗaga kofatai huɗu ɗaya bayan ɗaya. Ya shafa ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa yana neman kumburi ko zafi. Ya kaɗa hannu a gaban kowane ido. Ya sa yaronsa ya hau, aka yi takama, aka yi sukuwa, aka dawo, ya kanga kunne ya saurari numfashi. Duk wannan ina tsaye riƙe da ragama, kuma ina tune sarai cewa da na ga idonsa ya biyo ta kaina, na sa hannun dama na ja hannun rigata ƙasa na rufe tabon. Ba wanda ya ce in yi haka.

Alhaji ya taya, Baffa ya ce albarka. Ya ƙara, aka ce albarka. A tayi na uku ya ambaci kuɗin da zai biya bashin takin, ya sayi sabon inji, har a sami ragowa. Dillali ya kama hannun Baffa zai ɗora a kan na Alhaji. Sai Baffa ya janye hannunsa.

Ya ce, “Alhaji, kafin in sallama, wa za shi hawan dokin ga, kuma ina za a kai shi?”

Alhaji ya yi murmushi ya ce, “Autana na saya wa, Malam. Shekarunai sha huɗu. So nike shi hau shi da Sallah cikin tawagar hakiminmu.”

Baffa ya juyo gare ni ya ce, “Ɗana, naɗe hannun rigarka Alhaji shi gani.”

Na naɗe. Baffa ya ba da labarin daga farko har ƙarshe, bai rage komai ba. Alhaji ya daɗe yana duban hannuna, sa'an nan ya yi wa mahaifinmu addu'a, ya yi godiya, ya shiga motarsa. Dillali ya tsaya har ƙurar motar ta kwanta, ya ce, “Malam, ka ɓata muna ciniki,” ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Na yi kwanaki ba na iya haɗa ido da Baffa don haushi, kuma ba zan ce haushin nawa ba shi da hujja ba. Ga yadda na tsara ta a zuciyata a lokacin, har yau kuwa ina ganin ta cancanci a amsa ta da natsuwa. Ba mu yi ƙarya ba, kuma ba mu yi niyyar yi ba. Mai saye gwani ne, ya duba abin da ya ga dama, ba wanda ya hana shi tambaya. Da ya ce, dokin nan yana tsoron bindiga? da wajibi ne a ce masa e. Tun da bai tambaya ba, me ya sa nauyin tambayar da ya manta zai faɗo a kan marayu? Ashe shiru ma ƙarya ne?

Kasuwa tana da amsarta, kuma amsar ba ta wauta ba ce. Bahaushe ya ce dokin mai baki ya fi gudu, wato ya san sarai cewa mai kaya zai yabi kayansa fiye da kima, ya kuma yafe masa. Idan dillali ya ce wannan doki iska ce, ko ya ce ko a bargar sarki babu irinsa, ba mai hankalin da zai kai shi gaban alƙali, domin kowa ya san kirari ne, kuma mai saye yana da nasa wasan: zai taɓe baki, ya ce wuyan ya yi gajere, ya yi kamar zai tafi. Wannan ja-in-ja ba ya cutar da kowa saboda ɓangarorin biyu sun san dokarsa. Haka kuma aibin da ke a fili ba ya bukatar sanarwa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wani malamin Kirista na ƙasar Italiya, Tomas Akwinas, wanda ya rasu a 1274, da ya zo kan wannan mas'ala da doki ya buga misali: a ganinsa mai sayar da doki mai ido ɗaya ba dole ne ya yi shelar abin da kowa ke gani ba, muddin ya rage kuɗin daidai da aibin. Amma shi ɗin ma ya ware aibin da ke ɓoye wanda zai jawo wa mai saye hasara ko haɗari, ya ce wannan dole a faɗa. Iyakar hujjar kasuwa ke nan: tana aiki a inda idon mai saye zai iya kai wa.

Doki kuwa, fiye da yawancin abin da ake saye da sayarwa, rabinsa ido ba ya kai wa gare shi. Buhun shinkafa ana iya soka masa ƙarfe a ga abin da ke tsakiya. Saniyar yanka ana iya ƙiyasta namanta da hannu. Amma abin da ake saye a jikin doki hali ne, hali kuwa sai an zauna tare ake saninsa. Akwai dokin da ke ɗingishi sai bayan doguwar tafiya, akwai mai tutsu sai ya ji an ɗaure masa sirdi da sanyin safiya, akwai wanda ba ya gani sosai in duhu ya fara. Masu son zuciya sun san haka, shi ya sa ake jin labarin wanda zai gajiyar da doki mai tutsu da asuba don mai saye ya tarar da shi laƙwas, da wanda zai yi wa mai ɗingishi allurar kashe zafi kafin a zo dubawa. Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, George Akerlof, ya yi rubutu a 1970 a kan kasuwar tsofaffin motoci, wanda yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Ya nuna cewa idan mai sayarwa ya san abin da mai saye ba zai iya sani ba, mai saye zai riƙa tayawa da zaton mugun kaya, mai kaya nagari ya ƙi kawo nasa, kasuwar ta cika da tarkace. Duk dillalin dawaki ya san wannan ba tare da ya karanta shi ba. Abin da ya sa ake bi ta hannun dillali tun farko shi ne a ari sanin da ya yi wa dokin da mai shi. Sai dai la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, saboda haka mutumin da aka ɗauka don ya faɗi gaskiya shi ne kuma wanda shiru ya fi yi wa riba.

Shekaru bayan haka, da na zauna a zaure gaban malami muna karanta babin ciniki a Muhtasar na Shehu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14 wanda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da littafinsa, na yi mamakin yadda malaman Malikiyya suka bi dabbar hawa daki-daki. Sun yarda a yi ciniki da sharaɗin zaɓi, mai saye ya riƙe dabbar kamar kwana uku yana gwada ta. Sun lissafa aibobin da ake mayar da ita saboda su, har da yawan tuntuɓe, da turjiya, da kasa ɗaukar kayan da irinta ke ɗauka. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sun ɗora wa mai sayarwa bayyana aibin da ya sani, ya siffanta shi ko ya nuna shi, kuma ba su yarda ya dunƙule shi cikin magana ɗaya ba. Wannan ya rushe wata dabara da na sha ji a bakin masu sayar da dabbobi, inda mutum zai ce, “Na sayar maka da shi yadda ka gan shi, duk aibin duniya yana da shi,” a yi dariya, ya tafi yana ganin ya wanke kansa. Wanda ya ambaci aibi dubu don ya ɓoye guda ɗaya a cikinsu bai faɗi komai ba. Na kuma lura cewa kwana ukun nan na gwaji da ba su ceci Alhaji ba. Zai hau Akawal kwana uku lafiya lau, ya dawo ya ƙara mana godiya. Aibin ba zai fito ba sai ranar Sallah, a tsakiyar dawaki da kakaki da tambura, lokacin da 'yan bindiga suka saki wuta, da yaro ɗan shekara 14 a kan sirdi da jama'a cunkushe a gefen hanya.

A wurin malamin nan ne kuma na ji labarin da ya kunyata ni, wanda Imam Gazali ya kawo a Ihya'u. Sahabi Wasila ɗan Asƙa'u yana wurin da wani ya sayar da taguwa a kan dirhami 300. Hankalinsa ya ɗauke har mai saye ya ja ta ya tafi, sai ya bi shi da gudu yana kira, ya tambaye shi ko don nama ya saye ta ko don hawa. Da mutumin ya ce don hawa ne, sai ya gaya masa ya ga rauni a tafin ƙafarta, ba za ta jure doguwar tafiya ba. Mutumin ya dawo da ita, mai ita ya rage dirhami 100, ya kuma yi wa Wasila ƙorafin ya ɓata masa ciniki, kusan da kalmomin da dillalinmu ya yi amfani da su a ƙofar gidanmu.

Abu biyu na ɗauka daga labarin. Na farko, tambayar Wasila ita ce tambayar Baffa, kuma ita ce ainihin mas'alar. Aibi ba abu ne da ke zaune a jikin dabba shi kaɗai ba, yana tsakanin dabbar da bukatar mai sayenta. Raunin tafin taguwa ba kome ba ne ga mahauci. Tsoron bindigar Akawal ba kome ba ne ga mai zuwa gona ko mai neman ingarman da zai bai wa goɗiyoyinsa, amma ga mai hawan Sallah yana iya zama ajali. Saboda haka mai sayarwa ba zai iya sanin ko shirunsa halal ne ba sai ya san abin da za a yi da kayansa, kuma wanda ya ƙi tambaya don kada amsar ta ɗaure shi ya riga ya zaɓi ɓangare. Da na ce wa Baffa a daren nan, “Baffa, ai ba wanda ya tambaye ka,” abin da ya ce mini kawai shi ne, “Wanda bai san da rami ba, ƙaƙa za shi tambayi zurfinai?” Na biyu, Wasila ba shi ne mai taguwar ba. Ɗan kallo ne, kamar yadda nake ɗan riƙon ragama. Shi ya bi mai saye da gudu, ni na ja hannun riga. Daga ranar na daina faɗa wa kaina cewa shiru kawai na yi. Shirun da sai an ja riga an rufe tabo kafin ya tsaya da ƙafarsa aiki ne, da niyyarsa da manufarsa, kuma manufar ita ce Alhaji ya ci gaba da zaton abin da na san ba haka yake ba. Ban ga abin da ya raba wannan da manufar ƙarya ba, sai dai ita ƙarya tana bukatar ƙarfin halin buɗe baki.

Akwai sauran hujja guda a hannuna, wadda ta fi ta farko nauyi. Dokin ba na Baffa ba ne, namu ne. Mutum yana da ikon yin asara da dukiyarsa don ya kwana da zuciya fara, amma mai riƙon dukiyar marayu amana ce a wuyansa ya nema musu mafi kyawun farashi. Ashe bai sayi mutuncinsa da kuɗinmu ba? Wannan tambaya ta daɗe tana cina, domin a nan amana biyu ce ta yi karo, ta maraya da ta baƙo, kuma maraya ya fi kusa, ya fi rauni. Inda na tsaya a ƙarshe shi ne, mai riƙon amana ba ya iya tsare wa maraya abin da ba na marayan ba ne. Abin da mahaifinmu ya bar mana shi ne baƙin doki mai tsoron bindiga, da kuɗin da irin wannan doki yake yi. Kuɗin da Alhaji ya taya na wani doki ne daban, mai kama da namu a ido, wanda babu shi a duniya. Bambancin da ke tsakanin farashin biyu bai taɓa shiga gadonmu ba, yana aljihun Alhaji, kuma hanya ɗaya ta fito da shi ita ce a bar shi cikin duhu. Da Baffa ya karɓo mana shi, da ya ciyar da mu da abin da za mu yi ta addu'ar kada mu ji labarin yadda ya ƙare.

Zan so in ce gaskiyar ta biya mu, kamar yadda ake ƙare irin wannan labari a tatsuniya: Alhaji ya dawo da alheri, ko sunan Baffa ya ɗaukaka masu saye suka yi ta tururuwa. Ba haka aka yi ba. Alhaji bai sake waiwayarmu ba, kuma ba shi da laifi. Dillali ya baza labarin, wanda duk ya zo sai ya taya kamar yana taya jaki. Doki kuwa ba ya jiran kasuwa da yunwa, kullum sai harawa da dusa da gero da kanwa. A shekarar rabin gonar fadama muka iya nomawa, sauran rabin aka ba da haya, ni kuma na zauna shekara guda a gida kafin in ci gaba da karatu. Ina faɗar wannan ne domin na gaji da jin ana tallar gaskiya kamar wata hajar da ke ninka jari. Wani lokaci tana ninkawa, musamman a ƙaramin gari inda mai saye da mai sayarwa za su haɗu a masallacin Juma'a har ƙarshen rayuwarsu. Amma wanda ya riƙe ta saboda ribarta zai sake ta ranar da lissafi ya juya, kuma a cinikin doki lissafi yakan juya da zarar mai saye ya fito daga nesa.

Nisa tsohon abu ne a wannan sana'a. Kwarin Rima ƙasar dawaki ce tun zamanin Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16 ya zauna a Surame. Bayan da rundunar Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi a 1805, Kabawa suka sake kafuwa a Argungu, aka shafe mafi yawan ƙarnin ana kai wa juna hari a kan dawaki tsakaninsu da Gwandu da Sakkwato, ba a rufe babin gabar sosai ba sai da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a 1934, ziyarar da bikin kamun kifi ya samo asali daga gare ta. A wancan zamani wanda ya sayar wa barde doki mai firgita da bindiga ya sayar masa da likkafaninsa, kuma ya san inda dangin barden za su same shi. Amma akwai wani cinikin na daban, na fatake masu kora dawaki kudu zuwa Nupe da Ilori da ƙasar Yarabawa, inda ƙudan tsando ke sa musu sammore su mutu da wuri, bukatar sababbi ba ta yankewa. Falken da ya sayar da doki a can ba lalle ya sake ganin mai sayen ba, in dokin ya mutu kuma ƙasar za a zarga. Yau mota ta maye gurbin ƙafa, hoton bidiyo a waya ya sa cinikin biri a sama ya zama ruwan dare, amma tsarin bai sauya ba: aibi yakan yi tafiya har ya isa inda ba a san shi ba.

Irin wannan falke ne ya sayi Akawal a ƙarshe, bayan wata biyu. Yana tara dawaki ne yana lodawa a mota zuwa wasu garuruwa gabanin Sallah. Ya san muna cikin matsi, ya kuma yi amfani da sanin, ya taya kaɗan fiye da rabin abin da Alhaji ya bayar, ya tsaya a nan. A lokacin ban san labarin Sahabi Jarir ɗan Abdullahi ba, wanda aka sayo masa doki a kan dirhami 300, da ya ga dokin ya fi haka sai ya yi ta ƙara wa mai shi har 800, saboda alkawarin da ya ɗauka na yi wa kowane Musulmi nasiha. Ashe mai saye ma yana da nasa shirun, in ya san darajar kaya ko ƙuncin mai kaya ya yi gum. Baffa ya kira shaidu biyu, ya gaya wa falken aibin dokin a gabansu kamar yadda ya gaya wa Alhaji, ya sake sa ni na naɗe hannun riga. Falken ya yi dariya ya ce, “Malam, na ji, wannan ba matsala ba ce.” Aka ƙirga kuɗi, aka kwance Akawal daga turke.

A nan ne mas'alar ta fi ƙarfina, kuma ba zan yi kamar na warware ta ba. Ta fuskar hukunci cinikin ya inganta: an bayyana aibi, an rage kuɗi, mai saye ya yarda. Amma duk wanda ya ji dariyar nan ya san abin da take nufi. Da wuya a ce falken ya tsaya a wani gari mai nisa ya ce wa wani uban, dakata, wa zai hau? In haka ne, gaskiyar Baffa ta ceci ɗan Alhaji na Argungu wanda muka ga fuskar mahaifinsa, ta miƙa haɗarin ga wani yaron da ba za mu taɓa jin sunansa ba, ribar shirun da muka ƙi ci kuma wani ya cinye ta. Malaman Malikiyya sun hana sayar da inabi ga wanda aka san giya zai matsa da shi, saboda toshe hanyar ɓarna. To, zato mai ƙarfi ya kai matsayin sani? In ya kai, me ya rage wa mai riƙon marayu, ya ci gaba da ciyar da doki da kuɗin abincinsu har sai manomi mai gaskiya ya ɓullo? Ina iya cewa kowa alhakin mahaɗinsa na sarƙa yake ɗauka, kuma akwai gaskiya a ciki, domin ba a ɗora wa mutum ya zama mai gadin zukatan mutane duka ba. Sai dai na lura wannan amsa tana da daɗin faɗa fiye da kima ga wanda ya riga ya karɓi kuɗi.

Akwai kuma wanda ba a sa shi cikin shaidu ba, shi ne dokin. Mahaifina ya san tsoronsa, ya tsara rayuwarsa yadda ba zai gamu da abin tsoron ba, shi ya sa ya yi shekaru a gidanmu ba a taɓa ɗaga masa bulala ba. Wanda ya saye shi cikin rashin sani zai kai shi tsakiyar bindigogi, in ya firgita ya ɗauka taurin kai ne, ya sa masa linzami mai kaifi, ya yage masa baki, ya huda masa ciki da ƙaimi. Bayanin da ake yi wa mai saye, ashe, wasiyya ce kuma da tsohon mai doki yake bai wa sabo game da yadda za a zauna da wata halitta da ba ta iya faɗar abin da ke damunta. Idan wasiyyar ta yanke a hanya, shi ne na farko da zai ɗanɗana.

Bara, bayan an sauko daga Idi, na je gaishe da Baffa. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni, yana zaune a kan buzu a zaure, daga can cikin Birnin Kebbi ana jiyo amon tambura na hawan Sarkin Gwandu. Muka yi hirar gona da ta 'yan'uwa. Can na yi ƙarfin hali na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba, na ce, “Baffa, kana ganin falken nan ya faɗa wa wanda ya sayar wa?”

Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Sa'an nan ya ce, “Na Alhaji ban taɓa nadama ba, ɗana. Na falken ga shi nike sa wa cikin istigfari.” Ya lalubo carbinsa a gefen buzu, ya ce in leƙa cikin gida in gaida Inna kafin abinci ya huce.